Kashi Cikin Miliyan: Yadda Ake Lissafin Yawan Sinadari a Ruwa, Ƙasa da Abinci

Kashi cikin miliyan ma'auni ne da masana ilimin sinadarai suke amfani da shi wajen bayyana yawan wani abu ƙanƙani da ya gauraya da wani abu mai yawa, kamar kulorin a ruwan sha, dalma a ƙasa, aidin a gishiri, ko maganin ƙwari a wake. A rahotannin ɗakunan gwaji da jikin kwalaben magunguna ana taƙaita shi da haruffa uku, ppm. Idan aka ce ruwa yana ɗauke da ppm 1 na wani sinadari, ana nufin da za a kasa ruwan gida miliyan ɗaya daidai wa daida, gida ɗaya ne kacal zai zama na sinadarin.

Lissafin bai wuce rabawa da ninkawa ba, amma abin da ya rataya a kansa yana da nauyi. A watan Mayun 2018 cutar kwalara ta ɓarke a ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu a Jihar Adamawa, ta kama ɗaruruwan mutane, ta kuma yi sanadin rasa rayuka. Cikin matakan da ake ɗauka a irin wannan hali har da zuba kulorin a ruwan da jama'a suke ɗiba. Wanda aka ba wannan aiki, ko a cikin garin Mubi ko a ƙauye irin Duvu da ke Mubi ta Kudu, dole ya san adadin da zai zuba. Idan ya gaza, ƙwayar cutar ta tsira. Idan ya zarce, warin kulorin ya kori mutane su koma ga rafi ko rijiyar da ba a kula da ita ba. Tsakanin gazawa da zarcewa kuwa miligiram kaɗan ne a kowace lita.

Girman kashi ɗaya cikin miliyan

Kowa ya saba da kashi cikin ɗari, domin shi ake ji a maganar riba, haraji da sakamakon jarrabawa. Kashi cikin miliyan ɗan'uwansa ne, sai dai an ƙara yawan gidajen da ake kasawa. Naira ɗaya a cikin naira miliyan ɗaya ppm 1 ce. Haka giram ɗaya a cikin tan ɗaya, haka milimita ɗaya a tafiyar kilomita ɗaya, haka daƙiƙa ɗaya a cikin kwana 11 da rabi.

Dalilin ƙirƙiro ma'aunin shi ne guje wa tarin sifili. Iyakar dalma da aka yarda da ita a ruwan sha, idan aka rubuta ta da kashi cikin ɗari, za ta fito 0.000001, lambar da ido yake saurin ɓata a cikinta. Da ma'aunin miliyan kuwa ppm 0.01 ce.

Alaƙar ma'aunan biyu a tsaye take: kashi 1 cikin 100 daidai yake da ppm 10,000. Don juya kashi cikin ɗari zuwa ppm sai a ninka da 10,000, don komawa baya sai a raba da 10,000. Akwai kuma ƙaramin ma'auni, kashi cikin biliyan, wanda ake rubutawa ppb. Kowace ppm 1 tana ɗauke da ppb 1,000, don haka ppm 0.01 da ppb 10 abu guda ne.

Ƙa'idar lissafi

Ƙa'idar ita ce a raba nauyin sinadarin da nauyin haɗin baki ɗaya, sannan a ninka da miliyan ɗaya:

ppm = nauyin sinadari ÷ nauyin haɗin duka × 1,000,000

Sharaɗin farko shi ne nauyin biyu su kasance da ma'auni iri ɗaya, giram da giram, ko miligiram da miligiram. A tuna cewa kilogiram 1 giram 1,000 ne, giram 1 miligiram 1,000 ne, miligiram 1 kuma maikirogiram 1,000 ne.

Misali, an gwada ƙasa mai nauyin giram 500, an sami giram 0.2 na dalma a ciki. Raba 0.2 da 500 ya ba da 0.0004. Ninka shi da miliyan ɗaya ya ba da ppm 400.

Akwai gajeriyar hanya. Tun da kilogiram ɗaya miligiram miliyan ɗaya ne, duk miligiram ɗaya da ke cikin kilogiram ɗaya ppm 1 ne kai tsaye. A misalin da ya gabata, giram 0.2 miligiram 200 ne, giram 500 kuma rabin kilogiram ne. Raba 200 da 0.5 ya sake ba da 400.

Ga ruwa lamarin ya fi sauƙi, domin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta tana da nauyin kusan kilogiram ɗaya. Saboda haka miligiram ɗaya a lita ɗaya daidai yake da ppm 1, kuma rahoton da ya rubuta mg/L da wanda ya rubuta ppm magana ɗaya suke yi. Wannan daidaito ya tsaya ne a kan ruwa da abin da ya yi kusa da shi a nauyi. Litar fetur, kananzir ko man gyaɗa ba ta kai kilogiram ba, litar zuma kuma ta haura, don haka a irin waɗannan sai an koma ga nauyi.

Daga nan ake fitar da tambayar da ta fi yawan tasowa a aikace, wato nawa za a zuba:

miligiram da ake buƙata = ppm da ake so × yawan litoci

Kulorin a jarka da tanki

A Mubi da kewayenta, kamar sauran garuruwan Arewa, gidaje da yawa sun dogara ne da rijiyoyi, rijiyoyin burtsatse da 'yan ga-ruwa masu tura jarkoki a kura. Ruwan da ya fito da tsabta daga ƙasa yana iya gurɓata a jarka ko a randa, shi ya sa ake son kulorin ya rage a cikinsa har zuwa lokacin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sami aƙalla miligiram 0.5 na kulorin a kowace lita bayan minti 30 da zubawa, kada ya gaza 0.2 a inda ruwan ya isa ga mai sha, kada kuma ya haura 5.

Abin da ake zubawa ya fi abin da yake ragewa, domin ƙazantar da ke cikin ruwa tana cinye wani ɓangare na kulorin. Ga ruwa garai-garai, yawanci ana farawa da ppm 2. A jarka mai lita 20, lissafin shi ne 2 sau 20, wato miligiram 40 na kulorin.

Miligiram 40 ba ya auno da cokali, don haka ma'aikatan lafiya sukan fara haɗa ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, su riƙa ɗiba daga gare shi da sirinji. Wannan haɗi ppm 10,000 ne, wato kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram 10. Jarkar da ke buƙatar miligiram 40 za ta sha mililita 4 ke nan. Jarka mai lita 25 za ta buƙaci miligiram 50, wato mililita 5.

Wajen haɗa shi akwai wani mataki da ake yawan mantawa. Garin kulorin da ake kira HTH ba tsantsar kulorin ba ne, kusan kashi 65 zuwa 70 cikin 100 nasa ne yake aiki. Don samun giram 10 na kulorin a lita ɗaya, sai a raba 10 da 0.7, a sami giram 14.3 na garin. Wannan ne ya sa littattafan aikin agaji suke cewa a zuba kimanin giram 15, wato babban cokali ɗaya a shafe, a lita ɗaya ta ruwa.

Ƙwayar kulorin ta Aquatabs mai nauyin miligiram 67 a kan wannan lissafi aka gina ta. Kusan kashi 60 cikin 100 nata ne kulorin mai aiki. Ninka 67 da 0.6 ya ba da kimanin miligiram 40, adadin da ya dace da lita 20 na ruwa mai haske.

A ɗauka kwamitin wata rijiyar burtsatse a Duvu yana da tanki mai cin lita 5,000, yana so ya sa masa ppm 2. Ninka 2 da 5,000 ya ba da miligiram 10,000, wato giram 10 na kulorin, ko giram 14.3 na garin HTH mai kashi 70, ko kuma lita ɗaya cif ta haɗin kashi 1 cikin 100. Idan tankin rabi yake, rabin wannan za a zuba. Wanda ya yi lissafi da girman tanki bai duba ruwan da ke ciki ba zai ninka ƙarfin kulorin ba da saninsa ba.

Lissafi kaɗai ba ya faɗin abin da ruwa zai cinye, sai gwaji. Hanyar da aka saba ita ce a jera bokitai huɗu ko biyar masu lita 20 na ruwan da za a yi wa magani, a zuba wa kowane adadi dabam na haɗin, misali mililita 1, 2, 3 da 4, a jira minti 30, sannan a gwada kowane da ƙaramin abin gwaji da ake jefa wa ƙwayar DPD. Ruwan yakan koma launin hoda, kuma ƙarfin launin ne yake nuna ppm. Bokitin da ya kai 0.5 da mafi ƙarancin zubi shi ne ma'aunin wannan ruwa. Idan ppm 2 aka zuba aka sami 0.6, ruwan ya cinye 1.4. Da damina, lokacin da ruwa yake ɗauko laka, adadin yakan canza, sai a sake gwajin. Ruwa mai gurɓi kuma a bar shi ya kwanta ko a tace shi tukuna, domin laka tana kāre ƙwayoyin cuta daga kulorin.

Haɗin kashi 1 cikin 100 ya ninka na sha sau dubu biyar, don haka guba ne. Ana ajiye shi a mazubin roba mai murfi, a inuwa, da rubutu a jikinsa, nesa da yara, ba a kuma gauraya shi da wani sinadarin wanki.

Ƙa'idar sirkawa

Idan ana da haɗi mai ƙarfi ana so a sirka shi, yawan sinadarin ba ya canzawa, ruwa ne yake ƙaruwa. Daga nan aka sami ƙa'ida ta biyu:

ƙarfin farko × adadin da za a ɗiba = ƙarfin da ake so × adadin ƙarshe

A cibiyoyin jinyar kwalara ana amfani da ƙarfi uku: kashi 0.05 cikin 100 don wanke hannu, kashi 0.2 don goge daɓe da gadaje, kashi 2 don amai da bayan gidan majiyyaci. A ma'aunin miliyan, ppm 500 ne, 2,000, da 20,000.

A ce akwai kwalbar bilic da aka rubuta wa kashi 3.5 cikin 100, wato ppm 35,000, ana son lita 10 na ruwan wanke hannu mai ppm 500. Ninka 500 da 10 ya ba da 5,000. Raba 5,000 da 35,000 ya ba da lita 0.143, wato mililita 143 na bilic, a cika da ruwa har lita 10. Ta wata fuskar, 35,000 ya ninka 500 sau 70, don haka awo ɗaya na bilic, awo 69 na ruwa. Ƙarfin bilic yana raguwa idan ya daɗe ko ya sha rana, kuma kamfanoni suna yin sa da ƙarfi dabam-dabam, don haka a karanta jikin kwalba kafin kowane lissafi.

Dalma a ƙasar Zamfara

Babu inda wannan ma'auni ya shiga tarihin Arewa da zafi kamar Jihar Zamfara. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Bincike ya gano cewa duwatsun zinaren da ake niƙawa a cikin gidaje cike suke da dalma, kuma ƙurar ta bazu a tsakar gida inda yara suke rarrafe. Ƙauyukan da abin ya shafa sun haɗa da Dareta, 'Yargalma, Abare, Sunke da Bagega. Yara aƙalla 400 ne suka rasu.

A lokacin, iyakar da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta sa wa dalma a ƙasar da yara suke wasa ita ce ppm 400. Masu binciken Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka sun sami wuraren da ƙasa ta haura ppm 100,000. Raba wannan da 10,000 ya ba da kashi 10 cikin 100, wato kowane kilogiram na ƙasar yana ɗauke da giram 100 na dalma, ninki 250 na iyakar.

Lissafi yana nuna dalilin da ya sa ƙura ta yi wannan ɓarna. A ɗauka yaro ya haɗiyi miligiram 100 na ƙura a yini ta hanyar sa hannu a baki. Idan ƙurar ppm 5,000 ce, ya haɗiyi miligiram 0.5 na dalma. Kafin ya sami wannan adadi daga ruwan da ke kan iyakar ppm 0.01, sai ya sha lita 50. Idan kuwa ƙurar ppm 100,000 ce, miligiram 10 ya haɗiya, kwatankwacin lita 1,000 na wancan ruwa.

A jini ana auna dalma da maikirogiram a kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Matakin da ake fara ba yaro maganin fitar da dalma shi ne 45. Ninka shi da 10 ya ba da maikirogiram 450 a lita, wato miligiram 0.45, ƙasa da rabin ppm ɗaya. A ƙauyuka biyu da aka bincika a 2010, kashi 97 cikin 100 na yaran da aka gwada sun kai ko sun haura wannan mataki. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa a fara neman tushen dalmar tun daga maikirogiram 5, kuma ba a san wani adadi da ba ya cutarwa ba.

Aikin tsabtace ƙauyukan ma da ppm aka yi shi. An bi gida-gida da na'urar hannu mai auna ƙarafa a ƙasa, aka kankare saman ƙasar da ta gurɓata, aka zubo sabuwa, aka sake aunawa. Bagega, mafi girma a cikinsu, sai a 2013 aka tsabtace ta. A 2015 irin wannan annoba ta sake aukuwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Fulorayid a ruwan Tibiri

Wani sinadarin yana da amfani idan ya yi kaɗan, ya zama cuta idan ya yi yawa. Fulorayid yana ƙarfafa haƙori a kusan ppm 0.5 zuwa 1. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wadda ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya ta ɗauka, ita ce 1.5. Sama da haka haƙoran yara suna fara dafewa, idan ya yi nisa kuma ya kama ƙashi.

A garin Tibiri da ke kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, wata rijiyar burtsatse da aka fara amfani da ita a 1985 ta shekara da shekaru tana ba jama'a ruwa mai fulorayid tsakanin miligiram 4.8 zuwa 6.6 a lita, wato ninki uku zuwa huɗu na iyakar. Ɗaruruwan yara sun tashi da ƙasusuwa a lanƙwashe. Ruwan ba shi da wari ko launin da zai nuna haka, domin daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa sinadarin yake narkewa. Irin wannan matsala an san ta a yankin Kaltungo na Jihar Gombe da Langtang na Jihar Filato.

Tafasa ruwa ba ya kawar da fulorayid ko dalma, yana ma ƙara musu ƙarfi. Lita 10 masu ppm 2 suna ɗauke da miligiram 20. Idan aka tafasa har suka koma lita 8, miligiram 20 ɗin suna nan, raba su da 8 ya ba da ppm 2.5. Abin da yake ragewa shi ne sirkawa da ruwa mai ƙarancinsa. Jarka ɗaya mai ppm 6 da jarka huɗu masu ppm 0.3, idan aka haɗa su, lissafin shi ne 6 a tara da 1.2, a raba da 5, a sami 1.44.

Gishiri, wake da gyaɗa

Tun daga 1993 Najeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci don yaƙi da maƙoƙo da tauyewar ƙwaƙwalwar yara. Ƙa'idar ta nemi ppm 50 a masana'anta ko tashar shigowa, ppm 30 a kasuwa, domin aidin yana raguwa da zafi da laima. Baligi yana buƙatar maikirogiram 150 a yini. Gishiri mai ppm 30 yana da maikirogiram 30 a kowane giram, don haka giram 5 sun biya bukatar yini. Gishirin da aka bari a buɗe kusa da murhu har ya sauko ppm 10 zai ba da kashi ɗaya cikin uku kawai.

A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar maganin ƙwari na daikulobos, sinadarin da ke cikin maganin da aka fi sani da piya-piya. Iyakar Turai miligiram 0.01 ce a kilogiram, an kuma sami waken da ya kai 4.6, ninki 460. A buhu mai kilogiram 100, iyakar ta ba da damar miligiram ɗaya tak, abin da bai kai ɗigo ɗaya na maganin ba. Wannan ya nuna cewa babu wani awon murfin kwalba da ɗan kasuwa zai yayyafa wa buhu ya tsira daga ƙetare iyaka. Buhunan PICS masu ninki uku, waɗanda suke kashe ƙwari ta hanyar hana su iska, suna ajiye wake ba tare da magani ba.

Gubar afulatoksin da fumfuna take haifarwa a gyaɗa da masara da ppb ake auna ta. Iyakar Amurka 20 ce, ta Tarayyar Turai ga gyaɗar ci kai tsaye 4 ce. A tan guda, miligiram 20 ke nan da miligiram 4.

Ma'aunin a iska

A iska ana ƙidaya ppm da yawan ƙwayoyin iskar ko girman wurin da suka cika, maimakon nauyi. Iskar kabon dayoksaid a sararin duniya ta kasance kusan ppm 280 kafin zamanin masana'antu, yanzu ta haura 420, wato kashi 0.042 cikin 100. Iskar kabon monoksaid da ke fita daga janareta da gawayi, wadda ba ta da wari, tana sa ciwon kai a ppm ɗaruruwa kaɗan, tana kisa idan ta kai dubbai a rufaffen ɗaki. Saboda bambancin tushen lissafi, ba a ɗaukar ppm na iska a kwatanta shi kai tsaye da na ruwa.

Inda ake yawan yin kuskure

Na farko shi ne gauraya ma'auni. Wanda ya raba miligiram da giram bai daidaita su ba zai kauce da ninki dubu. Haka wanda ya karanta ppb a matsayin ppm.

Na biyu shi ne rashin sanin abin da aka auna. Iyakar naitiret a ruwan sha miligiram 50 ce a lita, amma wasu ɗakunan gwaji suna ba da sakamakon ne a matsayin naitirojin da ke cikinsa, inda iyakar take kusan 11. Rijiyar da ke kusa da masai ko gonar da ake zuba wa taki, idan rahotonta ya ce 20, tana iya zama lafiya lau ko kuma ta kusa ninka iyaka, gwargwadon wanne aka rubuta. Haka a gishiri: sinadarin da ake zubawa kusan kashi 59 cikin 100 nasa ne aidin, don haka ppm 50 na aidin yana buƙatar kusan ppm 84 na sinadarin.

Na uku shi ne dogara da ƙaramar na'urar TDS da masu sana'ar ruwan leda da masu sayar da matatar ruwa suke tsomawa a kofi. Tana ƙiyasta jimillar gishirin da ya narke a ruwa, wanda ƙa'idar Najeriya ta sa wa iyakar miligiram 500 a lita. Ba ta bambance dalma da gishiri, ba ta kuma ganin ƙwayar kwalara. Ruwan da ta nuna wa 80 yana iya ɗauke da ppm 0.05 na dalma, ninki biyar na iyaka, lambar ba ta motsa ba.

Na huɗu shi ne ɗaukar ƙaramar lamba a matsayin aminci. Ppm 1 na kulorin kariya ce, ppm 1 na fulorayid yana cikin iyaka, ppm 1 na dalma a ruwa kuwa ninki ɗari ne na abin da aka yarda. Lamba ba ta da ma'ana sai an san sinadarin da iyakarsa.

Wannan lissafi yana cikin darussan farko da ɗaliban kimiyya suke koya a makarantu irin Jami'ar Jihar Adamawa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, amma amfaninsa ya kai ga duk wanda takardar gwaji ta shigo hannunsa, ko shugaban kwamitin rijiya ne, ko mai gidan ruwan leda, ko dillalin hatsi. Abubuwa huɗu ake dubawa a takardar: sunan sinadarin da aka auna, ma'aunin da aka rubuta, iyakar da Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta SON ko hukumar NAFDAC ta sa masa, da ranar da aka ɗebi samfurin. Idan aka daidaita ma'auni aka raba sakamakon da iyakar, duk amsar da ta haura 1 tana nufin a dakatar da amfani da abin, a kai rahoto sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a kuma nemi a sake gwaji.